Tsarabar Rasha da rawar kan ɗan yatsa

Mu dai a unguwar nan ba ma yarda mutum ya yi tafiya sai mun ga jaka. Ka je Sin, ka je Masar, ka hau benen da ya fi kowane tsawo a Dubai, muddin ka dawo hannu na dukan cinya, to a wurinmu ba ka je ko'ina ba. Baki na cewa "sannu da hanya, ya ka baro su?", ido kuwa yana can yana auna akwati. Tun ranar da aka ji biza ta fito ake fara sautu, kuma sautun namu na baki ne, ba ya zuwa da kuɗi. Goggo na son man zafi na ciwon gwiwa, maƙwabci na son agogo, yara na son "ko mene ne", wanda ya fi kowane sautu wuya. Kafin ka hau jirgi an riga an rabe kilo 23 ɗin da aka yarje maka a jaka, kai ɗan dako ne kawai.

Yawon buɗe ido kuwa ba gadonmu ba ne. Bature zai taso tun daga Jamus ya zo ya tsuguna a karofin Ƙofar Mata yana leƙen ruwan baba a rami, mu kuma mu tsaya muna kallonsa muna tausaya masa. A majalisarmu akwai wanda aka haifa a gindin Dala, ya yi furfura bai taɓa hawa ba. In ka tambaye shi sai ya ce me ya ajiye a can?

Shi ya sa har yau, in hira ta yi sanyi a teburin mai shayi bayan isha'i, sai wani ya tsokano labarin zuwan Alhajin kan kwana Rasha. A 2018 ne, lokacin gasar cin kofin duniya, sa'ad da tikitin wasa da katin ɗan kallo suka wadatar ba sai an nemi biza ba. Alhaji ɗan Kwari ne, ƙwallo ba ta dame shi can ba, amma ya ji an ce Ahmed Musa ya yi shekaru yana buga wa CSKA ta Mosko wasa, ya ce ƙasar da yaron nan ya zauna lafiya ba za ta cinye shi ba. Ga shi kuma ɗan ƙanwarsa na karatun likita a can. Yaro ya zauna ya tsara wa kawunsa wuraren da za a gani, shi kuma Alhaji ya sauka da tasa takardar, shafi biyu, sunaye a hagu, sautu a dama. Takardun nan biyu su suka yi ta kokawa har aka dawo.

Hoton farko da ya iso mana shi ne na Alhaji tsaye a Jan Dandali, bayansa wani gini mai ƙubbobi kala-kala, kore da ja da shuɗi, a murɗe. A ƙasa ya rubuta, "Masallacin Rasha, masha Allah." Hoton ya zagaya gidaje, har wata tsohuwa ta yi addu'ar Allah ya kai ta ta yi nafila a ciki. Sai da ya zo hannun Baba injiniya, wanda yana cikin waɗanda suka yi karatun ƙarfe a Tarayyar Sobiyet zamanin da ake gina Ajakuta, ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan cocin Basil ne, kuma sarki Iban, wanda ake yi wa laƙabi da mai ban tsoro, shi ya sa aka gina shi tsakanin 1555 da 1561 don murnar cin garin Kazan da yaƙi, garin Musulmin Tatar. Wato Alhaji ya zaɓi ginin da ya fi kowane nisa da masallaci a duk faɗin Mosko. Masallacin gaskiya yana can wajen titin Mira, an sake buɗe shi a 2015 bayan an sabunta ginin, yana ɗaukar mutum dubu goma. Ya yi Juma'a a can, amma bai ɗauki hoto ba, wai ya yi kama da masallatan da muka saba gani.

Daga nan yaro ya ja shi layin ganin Lenin. Alhaji ya ɗauka kabari za a ziyarta, har ya fara shirya fatiha sai ya tuna mutumin ko da Allah bai yarda ba. A bakin ƙofa soja ya nuna masa kai. Hula. Mu takalmi muke tuɓewa don girmamawa, su hula suke cirewa, kuma Alhaji tun da ya yi aure babu wanda ya ga tsakiyar kansa sai iyalinsa da wanzami. Ya cire zanna bukar ɗinsa ya riƙe a hannu, aka gangara wani ɗaki mai duhu da sanyi, ba magana, ba hoto, ba sa hannu a aljihu, ba tsayawa. Ga mutum kwance cikin gilashi da kwat da nakatayal, tun 1924 ake gyara shi da magunguna.

"Shekara casa'in da huɗu," in ji Alhaji duk sanda ya zo nan a labarin. "Ba shi da dangi ne? Mu da ko azahar ba ma bari ta wuce."

A cikin fadar Kremlin an nuna masa ƙararrawar da nauyinta ya kai wajen tan 200, wadda ta tsage a gobarar 1737 tun tana ramin da aka zuba ta, ko sau ɗaya ba a taɓa kaɗa ta ba. Abin da ya tambaya shi ne nawa ake sayen kilon tagulla a garin. Jirgin ƙarƙashin ƙasa dai ya burge shi, tashoshi da fitilu masu reto da bangon marmara, tun 1935 ake hawa, sai dai matakalar da ke tafiya da kanta ta yi masa zurfi, ya riƙe hannun yaro har ƙasa yana salati.

Inda Alhaji ya dawo hayyacinsa shi ne kasuwar Izmailofo. Nan ne filinsa. Ba ya jin Rashanci ko kalma ɗaya, amma ciniki ba ya bukatar harshe: mai kaya ya buga lamba a waya, Alhaji ya karɓa ya raba biyu ya miƙa, ya juya kamar zai tafi, a kamo rigarsa. Da ya gane wasu masu rumfar Musulmin Uzbekistan da Tajikistan ne, sai ya riƙa buɗe ciniki da doguwar sallama. Yaro ya ce abin da aka ware wa awa ɗaya ya cinye yini, gidan zane-zanen da aka shirya zuwa da yamma kuwa ya sha ruwa.

A nan ya gamu da matiriyoshka, 'yartsanar katako mai ɗankwali da jan kumatu. Da farko ya wuce ta, me zai yi da gunki? Sai mai rumfa ya murɗe ta a tsakiya, ta buɗe, wata ta fito daga ciki. Ya murɗe wannan, ga wata. Har bakwai, ta ƙarshen ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Alhaji ya tsaya, ya zaro takardarsa, ya ƙirga jikoki. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Kuɗin abu ɗaya, wurin abu ɗaya a jaka, bakin yara bakwai a rufe! Su Rashawa sun fara sassaƙa ta ne a shekarun 1890, har ta ci lambar yabo a baje kolin Faris na 1900, kuma kyanta a wurinsu shi ne a jera su tare daga babba zuwa ƙarama. Mu ko kwana ba su yi tare ba. Aka raba, rigima ta tashi a kan wa zai ɗauki babbar, autar gidan ta sa ƙaramar a baki sai da aka zaro da yatsa. Da magana ta je wurin Liman, ya ce abin wasan yara ba laifi, amma kada a jera a falo. Bai san babu sauran abin jerawa ba.

Sauran tsarabar kowa ya san inda ta ƙare. Hular gashin nan mai kunnuwa tana kan mai gadin layinmu, da hunturu har da bazara. Manyan gyalen ulu masu fure na garin Fablofski Fosad, ya sayo biyu kuɗi ɗaya, girma ɗaya, don a zauna lafiya, amma ya manta ya sayo kala ɗaya, sai da aka yi sati ana shari'ar wa aka ba mai duhu. Cakulan Alyonka, mai hoton jaririya da kallabi, ta iso Kano a narke, aka sha da cokali. Samoba, tukunyar shayinsu mai famfo, mai shayi ya so a kawo masa, amma sikelin filin jirgi ya hana. Waɗanda sunansu ya faɗo daga takarda kuwa, Alhaji ya aika yaron shagonsa Kwari washegari da sassafe, aka cike gurbi da turare da safa. Ba shi ya fara ba. Alhazai nawa ne tasbaharsu ta Makka ba ta taɓa ƙetare Kurmi ba? Mu ma da muke karɓa mun sani, muna cewa an gode, Allah ya maimaita.

Amma duk wannan share fage ne. Abin da ake tsokano labarin dominsa shi ne daren rawa.

Ranar 26 ga Yuni, a San Pitasbag, Ajantina ta fitar da mu daga gasar. Messi ya ci, Victor Moses ya rama da fanareti, ana saura 'yan mintoci Rojo ya zura ta biyu. Alhaji da yaro suna garin, washegari Alhaji ko abinci bai iya ci ba, shi da ya ce ƙwallo ba ta dame shi ba. Yaro ya ce, "Kawu, tashi mu je ka ga abin da garin nan ya fi iyawa." Da bazara kusan kullum akwai gidan wasan da ke nuna Swan Lake saboda baƙi. Da Alhaji ya ji kuɗin tikiti ya tambaya ko da abinci a ciki. Aka ce babu. Ya ce to da me? Aka ce rawa.

Ya dai saɓa babbar rigarsa ta shadda, aiki har ciki, ya kafa hula. A zauren gidan akwai inda ake ajiye rigunan sanyi da jakunkuna a ba ka lamba. Tsohuwar da ke wurin ta dubi Alhaji sama da ƙasa, ta miƙo hannu tana jiran ya tuɓe. Sai da yaro ya yi mata dogon bayani cewa wannan ita ce kwalliyar, ba bargo ba ne. Ta shafa aikin wuyan da yatsa, ta jinjina kai, ta ba shi ɗan madubin hangen nesa na haya. Aka kaɗa ƙararrawa sau uku, kuma wanda ta ukun ta same shi a waje sai ya jira hutu. Wannan kaɗai ya isa ya hana rabin unguwarmu kallo, mu da ake rubuta ƙarfe huɗu a katin biki mu iso bayan magariba.

Makaɗa na zaune a wani rami gaban dandamali, sun fi hamsin, kowa na gwada abin kiɗansa. Alhaji ya ɗauka an fara, ya ce wa yaro a kunne ai gara kalangu. Sai fitilu suka mutu, labule ya ɗaga. Ya jira, ya jira.

"Yaushe za su fara magana?"

"Kawu, ba sa magana."

"Waƙa fa?"

"Babu."

"Har a tashi?"

"Har a tashi, Kawu."

Da mazan suka fito da wandon nan da ya manne da fata, Alhaji ya sunkuyar da kai ya zaro tasbaha. Yaro ya riƙa raɗa masa labarin. Wani yarima ne uwarsa ta ce lallai ya fitar da mata. Ya tafi farauta bakin tafki, ya tarar da wata budurwa da boka ya yi wa asiri, da rana ta zama farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, da dare ta koma mutum, kuma ba abin da zai karya asirin sai namijin da zai yi mata alkawari bai saɓa ba. Nan Alhaji ya ɗago. Sammu ne ashe, wannan ai ya san shi. Sai boka ya kawo 'yarsa wurin biki cikin baƙaƙen kaya, kamarsu ɗaya da waccan, yarima ya ruɗe ya rantse mata.

"To ya haɗa su biyun mana," in ji Alhaji, da ƙarfin da ya sa wata mata a gabansu ta waiwayo. "Duk wannan kashe kai a kan me?"

In ya zo nan a majalisa dariya ake yi, amma ku lura da shi, daga nan muryarsa take sauyawa. Ya ce da 'yan matan suka fito cikin fararen kaya, layi bayan layi, ya sa madubin nan yana neman wadda za ta yi kuskure, don shi mutum ne da ya saba gano zare ɗaya da ya kauce a yadi. Bai samu ba. Hannu ya tashi tare, wuya ya karkata tare. Wasu huɗu suka sarƙe hannuwa suna tsalle a gicciye, kai na juyawa lokaci ɗaya. Kuma duk a kan ɗan yatsan ƙafa suke tsaye. Ya ce ya rantse akwai ƙarfe a takalmin. Baba injiniya ya ce babu, ƙyalle ne da takarda da gam aka danƙare a bakin, kuma babbar 'yar rawa kan iya kashe takalmi guda a dare ɗaya. Ya ce a garin nan akwai makarantar da aka kafa tun 1738, ana ɗaukar yara suna wajen shekara goma, su yi shekara takwas suna miƙe ƙafa a jikin sanda kafin a bar su su tsaya ko a layin baya.

Sai wurin da mai baƙaƙen kaya take tsayawa kan ƙafa ɗaya tana juyawa, ɗayar ƙafar tana fyaɗa iska. Ita ce dai mai fararen kayan, mace ɗaya ke yin duka biyun, abin da Alhaji bai yarda ba sai da aka nuna masa suna a takarda. Tasbaha na hannunsa, sai ya sami kansa yana ja mata. Ɗaya, biyu, goma, ashirin, ba ta gusa daga inda take ba.

"Talatin da biyu," in ji shi. "Saura ƙwaya ɗaya ta cika min. Wallahi har haushi na ji."

Lissafinsa daidai ne. Tun 1895, da aka sake tsara wasan a gidan Mariinski na garin, wata 'yar Italiya, Pierina Legnani, ta kafa wannan adadi, kuma har yau 'yan kallo na ƙirgawa.

Da aka gama gida ya ɗauki tafi, Alhaji ya miƙe ya cusa hannu a aljihu. Yaro ya riƙe shi. "Kawu, ba a liƙi." Me ake ba ta? Fure. Mace ta yi wannan aiki, a miƙa mata ganye! Wannan ya fi komai ɓata masa rai a Rasha, har da ƙwallon Rojo. Suka fito wajen ƙarfe goma na dare yana sauri kada magariba ta wuce, ya tarar rana ba ta gama faɗuwa ba. Isha'i kuwa sai da aka buga wa Liman waya.

Abin da majalisa ba ta yafe masa ba shi ne rashin shaida. Ya ɗaga waya zai ɗauka, wata tsohuwa mai tsaron layi ta zo ta tsaya a kansa har ya mayar aljihu. Mu kuma abin da ba a ɗauka a waya ba, ba a sa a jaka ba, yaya za a yi mu lissafa shi? Mai shayi ya buga kuɗin tikiti biyu ya ce sun kai a sayo wa kowa a teburin nan hular gashi. Wani ɗan acaɓa ya ce in dai lanƙwasa jiki ne, ai koroso ce ta Turawa, kuma a Gidan Ɗan Hausa ba sai an hau jirgi ba. Ni dai ina ganin mun ƙware shi. Cakulan ta ƙare a yini ɗaya, 'yartsana ta watse, amma mutumin da ba ya iya zaman minti goma ba a yi maganar farashin yadi ba ya zauna kusan awa uku yana kallon waɗanda ba su ce uffan ba, kuma har yau in yana ba da labarin hannunsa na tashi sama da kansa bai sani ba. Sai dai ba na faɗa a teburin, kada a ce ni ma na zama Bature.

Baba injiniya ne kaɗai ba ya dariya in an zo maganar kiɗan. Ya ce Chaikofski ya rubuta shi, aka fara nunawa a gidan Bolshoi na Mosko a 1877, amma shi ba a gidan wasa ya san shi ba. A watan Nuwamban 1982 suna ɗakin kwanan ɗalibai, suka kunna talabijin suka ga an ɗauke shirye-shirye, sai kiɗa da 'yan mata masu fararen kaya. Ɗaliban ƙasar suka yi tsit suna kallon juna. Can aka sanar shugaban ƙasa Birezhnef ya mutu. Ya ce a can in ka ga tsuntsayen nan a talabijin ba lokacinsu ba, to wani abu ya faru a sama, yadda mu ma in muka ji badujalar soja a rediyo da asuba muke cewa yara kada su fita. A watan Agustan 1991, da aka yi yunƙurin kifar da Gorbachof, su aka yi ta nunawa.

Alhaji ya ajiye kofinsa.

"Tsaya, Baba. Abin da na biya wannan uban kuɗi na kalla, kai a kyauta aka nuna maka?"

"Kyauta, Alhaji. Har sau uku ma. Androfof ya bi shi a 1984, Chernenko a 1985. Shugabannin lokacin duk tsofaffi ne, ba sa daɗewa."

"To me ya sa ba ka gaya min ba kafin in tafi?"

"Ka tambaye ni? Da ka zo sallama, cewa ka yi in faɗi lambar takalmina."